"Gaskiya" da "ƙarya" a bakin kwamfuta

Wani ɗalibi da ke koyon XSLT, harshen kwamfuta da ake juya takardun XML (wani tsarin rubuta bayanai) da shi daga wata siga zuwa wata, ya aiko da tambaya: "Malam, ina fassara darasi, na sa 'gaskiya' da 'ƙarya' a matsayin amsoshin nan biyu na lissafin Boole. Sai na tarar kwamfuta ta ce abu daidai ne, ta kuma ce ba daidai ba ne. Ko kalmomin ne suka gaza?"

Ɗana, "ƙarya" kam ba ta kwanta mini ba. A Hausa ƙarya sai da mai yin ta, da niyyar ruɗi a ransa, shi ya sa ake cewa fure take, ba ta 'ya'ya. George Boole, Baturen Ingila da ya shimfiɗa wannan lissafi a littafinsa na 1854, ba zancen maƙaryata yake yi ba. Nufinsa "haka ne" ko "ba haka ba ne". Da ni ne, su zan sa.

Amma ruɗanin naka daga wani wuri ya taso. Ɗauki rajistar aji mai sunaye uku: Audu, Binta, Sani. A ƙa'idar XPath ta 1999 (XPath shi ne harshen binciko bayani a takardun XML), wadda XSLT ke jingina da ita, in ka rubuta suna = 'Audu', tambayar ita ce "akwai Audu a ciki?" E, akwai. In ka rubuta suna != 'Audu', tambayar ta koma "akwai wanda ba Audu ba?" E mana, ga Binta nan. Kowace amsa a kan hanya take. Mai son ya ji "babu Audu" sai ya rubuta not(suna = 'Audu').

Wannan bambanci Bahaushe ya daɗe da shi. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce "akwai wanda bai ci ba", yaro ɗaya za a zuba wa tuwo. In ta ce "babu wanda ya ci", tukunya na nan cike. Ka riƙe "akwai" da "babu" a fassararka, su ne za su fitar da kai. Rajistar da ba kowa a cikinta kuwa, tambayoyin biyu na farko duk "a'a" za su samu.

Saura tarko ɗaya. Kalmar false, wato "ba haka ba ne" da Turanci, in an rubuta ta a matsayin rubutu zalla, XPath na ɗaukar ta "haka ne", don kawai rubutun ba fanko ba ne. Kama da wane ba ta wane: sai ka kira false() da bakanta biyu kafin ka sami "ba haka ba ne".