Shin mata sun riƙe hidima a ikilisiyar farko?

Tambaya: Malam, ni 'yar Zumuntar Mata ce. A nazarin Littafi Mai Tsarki wani ɗan'uwa ya karanta mana 1 Korintiyawa 14:34, inda aka ce mata su yi shiru a taron ikilisiya, ya ce wannan ya nuna ba a taɓa ba mace wani aiki ba a zamanin manzanni. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ayar tana nan, amma hukuncin da ɗan'uwan ya ɗora a kanta ya wuce gona da iri. Manzo Bulus da ya rubuta ta, shi ne kuma a sura ta 11 ta wasiƙar ya yi bayanin yadda mace za ta rufe kanta sa'ad da take addu'a ko annabci, wanda ke nuna cewa ana jin muryar mata a taron Korinti.

Ki duba Romawa 16. Bulus ya fara ne da Fibi, mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, ya roƙi Romawa su karɓe ta su taimake ta, kuma masana da yawa suna ganin ita ce ta kai wasiƙar da hannunta. Sai Bilkisu, wadda ita da mijinta Akila suka ja Afolos gefe a Afisa suka ƙara fayyace masa tafarkin Allah, alhali shi masanin Nassi ne mai iya magana. Ikilisiya kuma a gidansu take taruwa.

Bayan manzanni ma aikin bai yanke ba. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Sarkin Roma Tirajan cewa ya azabtar da bayi mata biyu da Kirista ke ce wa masu hidima, don ya tatsi bayani. A Suriya, a ƙarni na 3, mata masu hidima ne ke shafa wa mata mai a lokacin baftisma, su ne kuma ke shiga gidajen da namiji ba zai shiga ba. Majalisar Kalsidon, babban taron shugabannin ikilisiya na shekara ta 451, har ta ƙayyade cewa kada a ɗora wa mace hannu don wannan hidima sai ta kai shekara 40.

Abin da ake gardama a kai shi ne muƙamin dattijo da na bishop, wanda galibi a hannun maza ya kasance. A nan ɗarikoki suka rabu har yau, wasu suna riƙe da 1 Timoti 2:12, inda aka hana mace koyarwa ko yin iko da namiji, a matsayin doka ta dindindin, wasu kuma suna ganin gargaɗi ne da ya shafi halin da ikilisiyar Afisa, inda Timoti yake, take ciki a lokacin.