Pizzar Napoli na da araha, to ɗakin kwana fa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin digiri na biyu a fannin injiniya a Jami'ar Federico II da ke Napoli, ƙasar Italiya. Na ga bidiyoyi ana sayar da pizza Yuro 5, sai na ce ashe garin da sauƙin rayuwa. Shin Musulmi zai iya cin pizzarsu hankali kwance? Kuma ina ya fi in kama haya, tsakiyar gari ko garuruwan da ke kusa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sa albarka. Bidiyon bai yi maka ƙarya ba, amma rabin labari ya ba ka.

Mu fara da cikin. A tsofaffin gidajen pizza na Napoli, irin na titin Via dei Tribunali, za ka samu Margherita tsakanin Yuro 5 zuwa 7. Tumatir ne da cukun mozzarella da ganyen basilico mai ƙamshin ɗoɗɗoya da man zaitun. Marinara ta fi ta araha, ko cuku babu, tumatir ne da tafarnuwa da ganyen origano. Waɗannan biyun ba nama a cikinsu, kuma ƙullin pizzar gargajiya fulawa ce da ruwa da gishiri da yis kawai. Ana jefa ta cikin tandar itace mai zafin da ya haura digiri 400, cikin minti ɗaya da rabi ta fito, gefenta ya kumbura da ɗigon ƙuna baƙi-baƙi, tsakiyarta kuwa laushi har tana lanƙwashewa. Kada ka mayar da ita ka ce ba ta gasu ba, haka ake yin ta. Wannan sana'ar ce UNESCO ta sa cikin kayan gadon al'adun duniya a 2017.

Inda za ka buɗe ido shi ne sunaye. Prosciutto, salame, salsiccia, pancetta, speck, mortadella, duk alade ne. Pizzar Diavola da ta Capricciosa ma da shi ake yi. Wanda ya fi yaudarar baƙo shi ne kitsen alade, suna ce masa strutto ko sugna, yana shiga wasu kayan fulawa na Napoli, kamar taralli da ake sayarwa a bakin titi, sannan soyayyar pizza sau da yawa ana cusa mata guntayen naman alade a ciki. Ka haddace "senza maiale", wato ban da alade, kuma ka tambaya ba kunya. Abin dariya, peperoni a bakinsu tattasai ne, ba naman da Amurkawa ke nufi ba.

Idan ka zauna a teburi akwai coperto, kuɗin zama na kowane mutum, galibi Yuro 1 zuwa 3, a rubuce yake a takardar abinci. Ruwan sha ma saya za ka yi. Kowa da tasa pizzar guda, kuma cin dare ba ya kankama sai wajen ƙarfe takwas. In aljihu ya yi sanyi, akwai pizza a portafoglio, ƙarama da ake ninkewa huɗu a takarda, ka ci a tsaye.

To ga inda gizo ke saƙar. Layin mutanen da za ka gani a ƙofar gidan pizza, yawancinsu 'yan yawon buɗe ido ne, kuma kowannensu yana buƙatar wurin kwana. Mai gida a tsohon gari ko a unguwar Quartieri Spagnoli ya lissafa ya ga baƙin kwana uku-uku ta Airbnb, manhajar hayar masauki na 'yan kwanaki, sun fi ɗalibi ɗaya kawo kuɗi, sai ya janye gidansa daga haya. Ɗakunan da suka rage suka yi tsada. Abin ya game Italiya: a watan Mayun 2023 wata ɗaliba, Ilaria Lamera, ta kafa tanti a gaban jami'ar Politecnico ta Milan don nuna fushi, lokacin da ɗaki ɗaya a birnin ya haura Yuro 600 a wata. Napoli ba ta kai Milan ba, amma a ce ka samu ɗaki Yuro 400, ka kwatanta: kuɗin Margherita kusan 70 ke nan duk wata, ban da wuta da gas da kuɗin kula da gini.

Shawarata, ka manta da tsakiyar gari. Yawancin sassan injiniya suna Fuorigrotta ne a yamma, wasu a San Giovanni a Teduccio a gabas, kuma jirgin ƙasa na Layi na 2 yana haɗa su. Ka fara sanin inda ajinka yake, sannan ka nemi ɗaki a kan wannan layin. In gabas ne, Portici da San Giorgio a Cremano sun dace, sai dai jirgin ƙasa na Circumvesuviana da ke bi ta can ya yi suna wajen latti. In yamma ne, Bagnoli da Pozzuoli na kusa, amma ka sani yankin na fama da girgizar ƙasa, wadda aka yi a Mayun 2024 ta sa mutane kwana a waje. Wani zai ce maka ka tafi Castel Volturno, inda 'yan Najeriya da Ghana suke da yawa kuma haya ba tsada. Ziyara ta yi, amma ga mai lacca ƙarfe tara na safe, zirga-zirgar za ta gajiyar da kai.

Kada ka tura ko sisi kafin ka ga ɗakin da idonka ko wani amintacce ya gani. Doka ba ta yarda kuɗin ajiya ya wuce hayar wata uku ba. Akwai yarjejeniya ta musamman ga ɗalibai, daga wata 6 zuwa 36, kuma wajibi ne a yi mata rajista a hukumar haraji, Agenzia delle Entrate, cikin kwana 30. Mai gidan da ya ce zai rage maka in kun yi ba takarda, ka gode masa ka wuce, domin takardar za ta yi maka amfani wajen sabunta izinin zama. In ka ga an rubuta posto letto, gado ne kawai a ɗakin da za ku raba da wani. Tun kana Zariya ka duba sanarwar ADISURC, hukumar tallafin ɗalibai ta yankin Campania, don neman tallafi da gurbin ɗakin kwanan ɗalibai, saboda suna rufe karɓar takardu da wuri.