Kafin ka zuba jarin shago a tumatir mai siffar zuciya

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Kano. Ƙanena da ke aiki a Italiya ya turo mini hotunan wani ƙaton jan tumatir mai siffar zuciya. Ya ce irin gado ne, wato tsohon irin da manoma ke ajiyewa suna gadar wa juna, kuma a can kuɗinsa ya fi na sauran tumatir nesa ba kusa ba. Zai aiko mini da iri. Ina so in cire naira miliyan ɗaya da rabi daga shago, in kama hayar rabin eka a wajen Kura, in yi dashe a watan Fabrairu don ya nuna lokacin da tumatir ke tsada. Wane iri zan ce ya aiko?

Amsa: Malam, sunan iri shi ne ƙaramin abu a maganarka, kuma zan ba ka sunayen. Abin da ya dame ni shi ne ka gama lissafin riba a kan tumatirin da ba ka taɓa ganin ya nuna a ƙasar Kano ba, da farashin kasuwar da ba za ka taɓa kai kaya ba. Hoto ka gani, hoton ma a Italiya aka ɗauke shi.

Duba watan da ka zaɓa. Manoman Kura da Kadawa da Garun Malam ba rashin wayo ne ke sa kasuwar Mayu da Yuni ta wuce su ba. Furen tumatir ba ya ɗaure ɗa idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 22 zuwa 24. Garin furen ne ke lalacewa, sai furen ya bushe ya kakkaɓe. Abin da ka dasa a Fabrairu zai yi fure a Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40. Manyan tumatir irin na gado sun fi ƙanana saurin zubar da fure. Za ka ga shuka kore shar ta kai tsawon mutum, ka biya ban ruwa, ka biya taki, ka leƙa ƙarƙashin ganye ka tarar babu ɗa. Tsadar da kake hange, wannan zafin ne ya kawo ta.

Lokacin da wannan tumatir zai yi maka a Kano shi ne hunturu: reno a ƙarshen Satumba ko Oktoba, dashe bayan mako 4 zuwa 5, tsinka kamar kwana 75 zuwa 85 bayan dashe. Wato Janairu da Fabrairu, lokacin da kwanduna suka cika kasuwannin Kwanar Gafan da 'Yankaba, dillali yana taya kaya yadda ya ga dama.

To wa zai saya? Mai sayen tumatir a 'Yankaba na markaɗe yake nema, kuma da kwando yake lissafi. Babu ruwansa da siffar zuciya. Dillalin da ke lodin kasuwar Mile 12 a Legas kuwa ko kallonsa ba zai yi ba. Ire-iren tumatir UC82B da Roma VF sun riƙe kasuwa ne saboda ɓawonsu da tsokarsu na da ƙwari, suna jure a jibga kwando kan kwando a yi doguwar tafiya. Mai siffar zuciya ɓawonsa siriri ne, tsokarsa laushi. Idan ka jera shi hawa uku, na ƙasa ya fara tsiyaya kafin mota ta kai Zariya. Sai dai akwatin roba, hawa ɗaya ko biyu, kuma ya isa hannun mai ci cikin 'yan kwanaki.

Mai biyan kuɗinsa da daraja shi ne mai yankawa ɗanye a ci: kicin ɗin otal, gidan abinci, kantin da ke sayar da kayan lambu da kilo. Irin wannan mai saye kilo kaɗan yake ɗauka a mako, amma yana son ya samu kowane mako. Yanzu yi lissafin rabin ekarka. Da tazarar santimita 60 tsakanin shuka da shuka, mita ɗaya tsakanin layi da layi, gindi wajen 3,300 ke nan. A ce kowane gindi ya ba da kilo 2 kacal, ka sami kilo 6,600 cikin mako shida ko makamancin haka. Fiye da tan ɗaya a mako. Kicin nawa ka yi magana da su? A wasiƙarka ban ga ko ɗaya ba. Abin da bai sami mai saye da kilo ba, kwando zai koma, a kuɗin da bai kai na UC ba saboda ya fi shi saurin ruɓewa.

Akwai kuma aikin da ba ka sa a lissafi ba. Wannan tumatir ba ya tsayawa a gajere kamar UC, hawa yake ta yi. Kowane gindi na buƙatar sandar gora mai mita 2, a ɗaure shi da igiya yana tashi, a riƙa cire 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye duk mako don a bar reshe ɗaya ko biyu. Sanda 3,300 da ƙwadagon wannan aiki kaɗai za su ci babban kaso na kuɗinka. Sannan yawancin irin gado ba su da juriyar cuta. Haruffan V da F da N da ake bugawa a jikin fakitin iri alamar juriya ce ga cututtukan da ke sa shuka yaushi da tsutsar saiwa, kuma da wuya ka gan su a fakitin irin gado. Farin ƙuda ya kawo cutar nannaɗe ganye, shuka ta tsaya cak. Kada ka manta da tsutsar nan da manoma ke kira sharon. A 2016 ta cinye gonakin waɗanda suka shekara ashirin suna wannan noma, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Kai ko kaka ɗaya ba ka yi ba.

Ban ce ka watsar da maganar ba. Ka kai ta bayan gidanka. Gindi 30 sun isa, kuma kuɗinsu bai kai ka taɓa uwar kuɗin shago ba.

Ka ce wa ƙanenka ya aiko da iri uku. Na farko Cuore di Bue, wato zuciyar bijimi da Italiyanci, shi ne mai yiwuwa ka gani a hoto. Na biyu German Red Strawberry, ja ne sosai, ƙato, ƙwayarsa kaɗan. Na uku Anna Russian, wanda ya fi su saurin nuna, abin da ke da amfani gare ka tunda sanyinmu gajere ne. Amma ka sani launinsa ya karkata zuwa ruwan hoda, haka ma Hungarian Heart. Bambancin a ɓawo yake: jan tumatir ɓawonsa rawaya ne idan ka ɗaga shi a haske, mai ruwan hoda ɓawonsa garau yake. Mai sayenmu ja ya sani, kuma yakan ɗauka mai ruwan hoda bai gama nuna ba.

Ya sayo fakiti a rufe, mai suna da kwanan wata. Kada ya matso ƙwaya daga tumatirin kasuwa ya shanya ya aiko maka. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan zuciyar bijimi a kantunan Turai haɗaɗɗen iri ne, kuma 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwa. Idan ka ga F1 a jikin fakiti, haɗaɗɗen iri ne, ba irin gado ba. Shigo da iri kuma yana buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da shigowar tsirrai, ka nemi wannan tun kafin a ɗauro kaya.

Da ya iso, ka gwada shi tukuna. Ƙwaya 10 daga kowane fakiti a cikin jiƙaƙƙen tsumma, a inuwa, kwana 7 zuwa 10. Idan ƙasa da 7 suka tsiro, irin ya tsufa ko ya sha zafi a hanya. Ka dasa gindi 8 na kowane iri, sauran 6 ka sa UC82B a gefe, ruwa ɗaya, taki ɗaya. Waɗannan shidan su ne ma'auninka. In babu su, ba za ka gane ko laifin iri ne ko laifin hannunka ba.

Ka zuba ruɓaɓɓen takin gargajiya a rami, ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa, ka riƙa ban ruwa a gindi a kan lokaci ɗaya. Ƙishi yau, ambaliya gobe, shi ke sa ɗan ya tsage, shi ke kawo baƙin tabon nan a tsinin ƙasa, kuma mai siffar zuciya na cikin masu saurin yin sa. Idan ka ga ganyensa siriri yana langaɓewa kamar mai jin ƙishi, kada ka ƙara ruwa sai ka tona ƙasa da yatsa. Halittarsa ke nan, kuma masu sabon hannu da yawa sun ruɓar da saiwa a kan wannan.

Sai littafi. Ka sa wa kowane gindi lamba. Ka rubuta ranar dashe, ranar fure, ranar tsinkar farko, nauyin kowane ɗa a sikeli, nawa suka tsage, nawa suka ruɓe, da duk nairar da ta fita, har kuɗin igiya da ladan mai ban ruwa. Ka ajiye uku daga kowane iri a kan tebur ka ƙirga kwanakin da suka yi kafin su yi laushi. A ƙarshen kaka ka raba abin da ka kashe da kilon da ya cancanci sayarwa, ban da wanda aka ci a gida don ya tsage. Wannan lambar ce kuɗin kilo ɗaya a hannunka.

Da ita da tumatir mafi kyau guda goma za ka je wurin masu kicin. Ka tambayi kowanne kilo nawa zai ɗauka a mako, a nawa, kuma yaushe yake biya, don otal da yawa sai bayan wata suke biyan mai kawo kaya. Idan uku suka yi magana mai ƙarfi kuma farashinsu ya wuce kuɗinka da na mota, baɗi ka dasa gindi 200 zuwa 300, kashi uku, tazarar mako biyu tsakani, don kayan su riƙa zuwa a jere. Irin kuma ba sai ka sake jiran Italiya ba. Ka zaɓi 'ya'ya daga gindin da ya fi lafiya, ka matse ƙwayar da ruwanta a kofi ta kwana 2 zuwa 3 har ta yi kumfa, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka rufe a kwalba da sunan irin da shekarar a jiki.