Amsar tambayar Firefox da ya ƙi buɗewa, daga zauren masu gyaran kwamfuta na Zangon Kumasi

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ina bakin titi ne a Aboabo, masu firagiya, wato keke mai ƙafa uku, sun cika wurin. Na ce kada in bari har dare ban amsa wa ƙanenmu ba, don na ga shawarar da aka fara ba shi a zauren nan, kuma wallahi ba ta yi mini daɗi ba.

Ƙanena, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce kwamfutocin makarantar da kake kula da su Ubuntu 22.04 ne a kansu, ka sabunta su ranar Asabar, ka kashe ka kunna, sai Firefox ya yi ta jan ƙafa kafin ya buɗe a karon farko, a guda uku kuma ya ƙi buɗewa sam. Kana tambaya ko ka goge shi ka sake sawa. Wani kuma ya ce ka kashe AppArmor ka huta. To ni dai abin da na ji a cikin tambayarka, ko da ba haka ka faɗe shi ba, shi ne: ta yaya na'ura take gane cewa ta canja, har ta san dokar da ta rubuta wa manhaja jiya ba ta yi mata daidai yau? Wannan zan amsa, don in ka gane shi, Firefox ɗin ƙaramin abu ne.

Ka san tun daga 21.10, wanda ya fito a Oktoban 2021, har da 22.04 ɗin nan, Firefox da ke zuwa da Ubuntu snap ne, wato manhajar da aka ƙunsa tare da kayan aikinta a ƙunshi ɗaya. Chromium ma tun 2019 suka mai da shi haka. Shi kuma snap a killace yake, kamar akuyar da aka ɗaure a turke, iya tsawon igiyarta take kiwo. Masu riƙe igiyar manya biyu ne. AppArmor shi ke cewa wannan fayil ka taɓa, wancan kada ka taɓa. Seccomp kuma shi ke tace irin kiran da manhaja za ta iya yi wa kanel, wato zuciyar tsarin Linux. Takardun dokar nan ba da hannu ake rubuta su ba, snapd, manhajar da ke kula da duk snap ɗin na'ura, shi ne yake rubuta wa kowace manhaja tata. In ka shiga /var/lib/snapd/apparmor/profiles za ka gan su jere, kowace da sunanta, snap.firefox.firefox da sauransu. Buɗe ɗaya ka karanta, rubutu ne zalla, ba abin tsoro a ciki.

Yanzu ga inda maganar take. Ka je wurin tela a Alabar kafin ƙaramar sallah, ya auna yaronka, ya rubuta a littafin awonsa, ya ɗinka. Babbar sallah ta zo, ka koma ka ce a sake ɗinka irinta. Telan kirki ba zai ɗauki almakashi ba sai ya sake ɗora tef a kafaɗar yaron ya duba ko awon littafi yana nan. In yana nan, shi ke nan, ya yanka. In yaro ya ƙara tsawo, ya soke tsohon awo ya rubuta sabo. To snapd ma yana da littafin awonsa. Fayil ne ɗan ƙarami, sunansa system-key, yana zaune a /var/lib/snapd/system-key. Duk lokacin da snapd ya tashi, sai ya sake auna na'urar, ya kwatanta da abin da ke cikin fayil ɗin. In sun yi daidai ba ya taɓa komai. In ko abu ɗaya ya bambanta, sai ya zauna ya sake rubuta dokokin duk snap ɗin da ke kan na'urar, ya loda su, sannan ya rubuta sabon awo.

Me yake aunawa? Ka buɗe fayil ɗin da cat, layi ne guda mai tsawo, za ka gani da idonka. Akwai lambar ginin snapd ɗin kansa, wato in an sabunta snapd dole a sake dokoki, don ƙila sabon ya san abin da tsohon bai sani ba. Akwai jerin abubuwan da AppArmor na cikin kanel yake iyawa, waɗanda yake karantowa daga /sys/kernel/security/apparmor/features. Akwai apparmor_parser, wanda shi ke juya rubutun dokar zuwa abin da kanel yake fahimta, shi kuma har lokacin da aka taɓa fayil ɗinsa na ƙarshe yake rubutawa. Akwai na seccomp. Akwai cgroup, tsarin da kanel ke rarraba manhajoji rukuni-rukuni da shi, ko na ɗaya ne ko na biyu, don Ubuntu ta koma na biyu tun 21.10. Akwai ko na'urar a kan filasha take gudana kamar lokacin da kake gwaji kafin ka girka. Sai kuma ɗaya wanda shi ne ya taɓa hana ni barci, nfs-home, zan zo kansa.

Saboda haka jan ƙafar da ka gani a karon farko ba ciwo ba ne. Kanel ɗinka ne ya canja. 22.04 da 5.15 ta zo, amma ta tebur tana bin sababbin kanel a hankali, 5.19, 6.2, 6.5, har 6.8. Sabon kanel na iya zuwa da sabon abin da AppArmor yake iyawa, awo ya canja ke nan, dole a sake ɗinki. Kuma umarnin da ke buɗe snap shi ma yana duba wannan awon kafin ya buɗe, in ya ga bambanci sai ya tsaya yana jiran snapd. A tsofaffin na'urorin da muke saye a Adum, masu tsohon hadis mai juyawa da ƙwaƙwalwa giga 4, wannan aikin yana ɗaukar lokaci. Ka bar su su gama. A'a, tsaya, bari in gyara maganata, na ce kanel ne kamar na tabbatar. Zai iya zama snapd ɗin ne aka sabunta, ko apparmor_parser, duk sakamakon ɗaya ne. Abin da nake nufi dai jinkirin farko lafiya ne.

Guda ukun da suka ƙi buɗewa su ne abin dubawa. Kuma a nan ne zan ba ku labarin da wasunku sun riga sun ji, Alhaji ka yi haƙuri na san ka ji shi fiye da sau uku, amma sai na maimaita.

A ƙarshen 2022 aka kira ni wata makaranta a wajen Asawase, ba zan faɗi sunanta ba. Kwamfuta 18 suke da su, da saba ɗaya a ofishin shugaban makaranta. Wanda ya haɗa musu tun farko ya yi tunani mai kyau, ya ajiye foldar kowane ɗalibi a kan sabar ta hanyar NFS, wato tsarin raba folda ta netwok, yadda yaro duk kujerar da ya zauna zai tarar da aikinsa. To kun san halin wutarmu. In dumso ya yi, wato aka ɗauke wuta, sannan wuta ta dawo, ƙananan kwamfutocin sukan riga sabar tashi, sai su tsaya suna jiranta. Sai shi mutumin ya cire layin NFS daga /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera abubuwan da za a haɗa in na'ura ta tashi, ya rubuta ɗan umarni da zai jira minti biyu bayan tashi sannan ya haɗa /home. A idonsa ya warware matsala.

Amma ku duba abin da ya faru. Snapd yana gane cewa gida a kan NFS yake ne ta hanya biyu, ya duba abin da aka riga aka haɗa a lokacin da ya tashi, ya kuma duba fstab. Ya tashi, ya duba nan babu, ya duba can babu, sai ya ɗauka gida a cikin na'ura yake, ya ɗinka dokoki a kan wannan awon. Bayan minti biyu gida ya koma kan netwok. Shi kuwa AppArmor, in manhaja ta taɓa fayil ɗin da ke kan NFS, yana ganin abin a matsayin fita netwok ne, kuma ba a rubuta wa snap-confine, wanda shi ke killace manhaja kafin ta buɗe, wannan izinin ba. Yaro ya danna Firefox, alamar ta ɗan juya, shiru. In ka buɗe shi ta taminal sai ya ce ya kasa ƙirƙirar foldar bayanan mai amfani a cikin gida. Na'urar ba ta yi laifi ba, an auna ta ne tana wani hali, sannan aka canja ta bayan tela ya rufe littafi.

Kafin a kira ni, sun kira wani. Me ya yi? Ya shiga GRUB na kowace kwamfuta, wato abin da ke tayar da Linux in an kunna, ya ƙara apparmor=0, ya kashe AppArmor ke nan. Ya kunna, Firefox ya buɗe, malamai suka yi ta sa masa albarka, ya karɓi sidi 400 ya tafi. Wata biyar! Wata biyar yara 'yan shekara goma sha biyu, sha uku, suna shiga intanet, suna danna duk abin da ya yi walƙiya a gabansu, a kan na'urorin da aka kwance wa igiya, kuma foldojin duk makarantar suna kan saba ɗaya, har da sakamakon jarrabawa da lambobin wayar iyaye. Ranar da na je, ina zaune a kan ɗan bencin yara gwiwata na taɓa tebur, fanka ba ta aiki, na buga snap debug confinement, ya ba ni amsa partial, wato rabin tsaro, maimakon strict, cikakken tsaro. Na koma ta biyu, haka. Ta uku, haka. Na tashi na fita waje na tsaya ƙarƙashin bishiyar mangwaro sai da zuciyata ta kwanta. Abin da ya fi ba ni haushi, ba kuɗin ba ne, shi ne bai gaya musu abin da ya cire ba. Da ya ce musu, malamai, na kori mai gadi don ƙofa ta buɗe, ai da sun yi tunani. Amana aka ba shi. Iyaye sun haɗa kuɗin kwamfutocin nan ne sidi goma, sidi ashirin, wasu matan da koko da ƙosai suke sayarwa da asuba.

Kuma gyaran bai kai awa ɗaya ba. Na cire apparmor=0, na mai da layin NFS cikin fstab, na sa masa nofail da x-systemd.automount yadda ba zai riƙe na'ura tana jiran saba ba. Na kunna, na buɗe system-key, ga nfs-home ya koma true. Shi ke nan. Na ce wa shugaban makarantar ya saya wa sabar ƙaramin UPS, ya saya bayan wata biyu.

Na san wani zai ce to a bar snap ɗin mana, a koma Flatpak, wata hanyar ƙunsa manhaja irin snap, ko a sa Linux Mint da ta toshe snap tun 2020. E, Flatpak nasa tsarin daban ne, yana gina shingensa ne duk lokacin da aka buɗe manhaja, amma wannan wata muhawara ce, kuma yaron nan gobe Litinin yana da aji, ba zai sake girka kwamfuta ashirin cikin dare ba. Mu bar shi.

To ƙanena, ga abin da za ka yi a kan guda ukun. Kada ka goge komai tukuna. Ka buɗe taminal ka rubuta firefox, ka ɗauki hoton abin da ya faɗa. Sai ka buga sudo dmesg, ka nemi layukan da ke da kalmar DENIED da manyan baƙaƙe, su ne AppArmor yake gaya maka abin da ya hana da wanda ya hana. Mutane ba sa karanta wannan, alhali amsar tana nan a rubuce. Sannan ka duba journalctl -u snapd ka ga ko ya fara sake rubuta dokokin aka katse shi, don ka ce wuta ta ɗauke ranar Asabar da yamma, kuma ina zargin ukun nan suna tsakiyar aiki lokacin. Ka duba snapd.apparmor ma ko ya tashi, shi ne yake loda dokokin snap duk lokacin da aka kunna na'ura. In bai tashi ba, snap-confine zai ce yana da iko mai yawa kuma ba a tsare shi ba, don haka ba zai ci gaba ba. Wannan ƙin da yake yi daidai ne, haka ya kamata ya yi.

In ka ga dokokin ne suka tsaya rabi, ka buga sudo systemctl restart snapd, ka ba shi minti biyu ko uku. In bai yi ba, ka matsar da fayil ɗin system-key zuwa wani wuri, ka ga na ce ka matsar, ban ce ka goge ba, sannan ka sake tayar da snapd. Da ya nemi littafin awo bai gani ba, zai auna daga farko ya sake ɗinka duka. Kada ka shiga cikin foldar dokokin ka gyara da hannunka, ranar da ya sake rubutawa zai shafe gyaranka kuma ba za ka tuna abin da ka yi ba.

Af, ka gaya mini kuma, foldojin ɗaliban naku a ina suke? A cikin kowace na'ura ko a kan saba? Kuma a ƙarƙashin /home suke ko wani ya mai da su wani wuri? Don in ba a /home suke ba wannan ma wata ƙofar ce, sai an gaya wa snapd da snap set system homedirs. Ban tambaye ka tun farko ba, ya kamata in fara da wannan.

Shi kuma ɗan'uwanmu da ya ba da shawarar a kashe AppArmor, ban kama sunanka ba kuma ba faɗa nake yi da kai ba, na san taimako ka yi niyya. Amma don Allah ka goge saƙon, zauren nan akwai yara masu koyo fiye da arba'in, gobe wani zai je ya yi wa wata makarantar.

Ana kiran la'asar. Ƙanena, turo mini hotunan nan uku, na taminal, na dmesg, da na system-key daga na'ura ɗaya mai aiki da ɗaya marar aiki, in ajiye su gefe da gefe in gani. In ba mu gane ta waya ba, gobe bayan azahar ina da aiki a wajen Tek, zan biyo ta wurinku da filashata.