Katangar Duwatsun Grimspound: Ganuwar Yaƙi Ce Ko Garke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wata tsohuwar katangar duwatsu a kan tudu a Ingila, wai ita Grimspound. Ba itace, ba gona, sai ciyawa da hazo. Ganuwar yaƙi ce? Kuma me ya kai mutane zama a irin wannan wuri?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A ganina ba ganuwar yaƙi ba ce, ƙauyen makiyaya ne na zamanin tagulla, wato lokacin da ake ƙera kayan aiki da tagulla, shekaru kusan 3,000 da suka wuce. Wurin yana tsaunukan Dartmoor, a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Katangar ta kewaye fili mai kimanin eka 4, kaurinta ya kai mita 3 a wasu wurare, kuma a cikinta akwai tushen ɗakuna 24 masu zagaye.

Inda aka gina ta ya isa hujja. Tana cikin kwari ne tsakanin tudun Hookney Tor da na Hameldown, duk wanda ya tsaya a sama yana ganin duk abin da ke ciki. Mai tsoron hari ba zai zauna ƙarƙashin jifan maƙiyi ba. Ga kuma wani ɗan rafi, Grimslake, da ya ratsa gefen filin, wato an shigar da ruwan sha cikin shinge. Ƙofar ma mai faɗi ce, an shimfiɗa mata duwatsu a ƙasa, tana fuskantar gangaren da ke sama inda ake kiwo. Duk wanda ya san yadda kofato ke dama ƙasa a bakin garke lokacin ruwa zai gane amfanin wannan daɓen. Dabbobi ake killacewa da dare, a kare su daga kyarkeci da ɓarayi.

A shekarar 1894 wani kwamitin masu bincike, cikinsu har da Sabine Baring-Gould da Robert Burnard, ya tona ɗakunan. A wasu an sami murhu da gawayi da ramin dafa abinci, da wani dandamali da ake jin makwanci ne. Wasu kuma ba alamar wuta, mai yiwuwa na ajiya ne ko na ƙananan dabbobi. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne 'yar katangar da aka lanƙwasa a bakin ƙofar wasu ɗakunan domin tare iska. Mutum ne ya ji sanyi, ya yi wa iyalinsa dabara. Rufin katako da ciyawa ya daɗe da ruɓewa, ƙasar wurin kuma tana da tsami, tana cinye ƙashi, shi ya sa abin da ake samu bai taka kara ya karya ba.

Game da tambayarka ta biyu, tudun da ka gani a hoto ba haka yake a da ba. Yanayin ya fi na yanzu ɗumi, kuma akwai daji, mutane suka sare suka yi wurin kiwo. Tushen ɗakuna irin waɗannan ya haura 5,000 a Dartmoor, ga dogayen katangun iyakar filaye da masanin kayan tarihi Andrew Fleming ya bi diddiginsu a shekarun 1970. Wajen shekara ta 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sanyi da ruwan sama suka ƙaru, ƙasa ta jiƙe ta gaji, jama'a suka riƙa gangarowa. Da yake garma ba ta sake bi ta wurin ba, duwatsun suka tsira a inda aka jera su.