Entole: doka ce ko umarni?

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na bi daftarinka na fassarar Littafi Mai Tsarki da jan biro, kusan duk inda ka fassara kalmar Helenanci entole da "doka" na soke. Ka ce haka ƙamus ya nuna. Ƙamus bai yi ƙarya ba, sai dai bai san yadda kunnen Bahaushe yake ji ba.

Buɗe Matiyu 22:36. Masanin Attaura ya tambayi Yesu wace entole ce mafi girma a cikin nomos. Ka ga kalma biyu a jimla guda. Nomos ita ce Shari'ar Musa dungurungum, entole kuwa abu ɗaya ne daga cikinta, kamar zangarniya a cikin dami. Entole ce masu fassarar Ibrananci zuwa Helenanci suka riƙa sawa a gurbin mitzwa, kalmar Ibrananci mai nufin umarni. In ka kira su duka doka, tambayar mutumin ta watse.

Amma abin da ya fi damuna shi ne, entole tana da baki a bayanta, wani ne ya faɗa wa wani. Doka kuwa, da Bahaushe ya ji ta sai hankalinsa ya tafi kan hukuma, ɗan sanda da tara. Dubi Luka 15:29, inda wan ɓataccen ɗan nan na misalin Yesu ya dawo daga gona yana huci, ya ce wa mahaifinsa bai taɓa ƙetare entolensa ba, amma ko ɗan akuya bai taɓa ba shi ba. Ka taɓa jin ɗa ya ce wa uba "ban karya dokarka ba" yana ƙorafin ɗan akuya? Cewa zai yi bai taɓa ƙin umarninsa ba, ko ma bai taɓa tsallake maganarsa ba. Haka Yahaya 13:34, bayan Yesu ya gama wanke ƙafafun almajiransa ana zaune wurin jibi: umarni ne sabo ya ba su, su ƙaunaci juna.

A Kolosiyawa 4:10 ma ta fi haka sauƙi. Bulus yana tuna wa mutanen Kolosi saƙon da suka samu game da Markus, in ya zo su karɓe shi. Jam'in entole ne a wurin.

Markus 10:19 kaɗai na bar maka, don jama'a sun saba da Dokoki Goma, ba ni da ƙarfin raba su da ita. Gyara sauran, gobe ka karanta mini Luka 15 da ƙarfi in ji.