Amsa ga ƙaninmu da shanu suka kayar wa injin masarar barewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga tambayar da ƙaninmu na Houston ya jefo daren jiya, na kuma ga yawancin amsoshin sun tsaya a kan "sayi waya ka kewaye". Ga wanda bai gani ba, cewa ya yi shi da abokansa biyu sun karɓi hayar dajin farauta a wajen garin Mason da ke tsakiyar jihar Texas ta Amurka, mai gonar yana da shanu a ciki, suka kafa injin watsa masara don barewa, bayan mako biyu suka koma suka tarar shanu sun kayar da shi sun cinye masarar tas. Yana son sanin irin shingen da zai yi, tsayinsa da faɗinsa. Shekarata tara ke nan ina wannan harka a yankin duwatsun tsakiyar Texas, kuma babu kuskuren da ban tafka ba, don haka ka gyara zama, maganar tana da ɗan tsawo.

Saboda 'yan'uwa na gida da ke cikin zauren nan, bari in faɗi abin da ake nufi. A Texas kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasa mallakar mutane ce, ba ka shiga daji haka kawai da bindiga. Sai ka biya mai gona kuɗin shekara ya ba ka izinin farauta, shi kuma ya ci gaba da kiwonsa a wurin. Doka ta yarda a zuba wa barewa abinci a gonar mutum, shi ya sa kowa ke kafa duro a kan ƙafafu uku, da ƙaramin inji a gindinsa mai aiki da batir da agogo, safe da yamma ya juya na 'yan daƙiƙoƙi ya watsa masara. Barewar ma ba irin tamu ta Sahel ba ce, mai farar wutsiya ce, namiji yana zubar da ƙahonsa kowace shekara ya sake sabo. Muna dai kiranta barewa don babu sunan da ya fi kusa.

To ƙanena, abin da ya ɗauke ni shekara biyu kafin in gane shi ne wannan: duk wanda ya zo daga gidan kiwo, da an ce masa shinge, garke yake tunawa, watau dogo, matsattse, mai ƙarfi. Nan ko baƙuwa kake gayyata, kana so ta tsallako ta ci hankalinta kwance, ita kuwa halittar tsoro ce. Shingenka ya zama gajere, ya zama mai faɗi sosai. Kuɗinka ya tafi ga faɗi da turaku, kada ya tafi ga tsayi.

Na farko da na yi, fallayen raga na shanu na sayo guda huɗu, masu tsayin inci 50 da tsawon ƙafa 16, na haɗa su murabba'i, na tsaya ina yaba wa kaina. Kyamarar da na ɗaure a bishiya ce ta ƙaryata ni. Wata guda cur, in ban da tsuntsaye da wata tsohuwar barewa guda, babu abin da ya shiga. Akwai wani babban namiji da na yi ta gani a hoto yana zagaya ragar yana tsintar abin da ya faɗo waje, bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Tsallake inci 50 ba komai ba ne a wurinsa, ƙuncin wurin ne bai yarda da shi ba, don in ya dira ciki babu filin da zai ja da baya ya fice idan wani abu ya taso. Shanu kuma ga masara tana faɗowa a gindin raga, har da waje, sai suka mai da wurin majalisa. Suna jingina, suna susa, suna miƙa wuya, kafin Disamba gefe ɗaya ya kwanta, suka shiga suka yi mini abin da suka yi maka.

Ka lura da wannan, don shi ne sirrin saniya. Ba ta cika tsalle don sha'awa ba, kwaɗayin abin da take gani dab da hancinta ne ke sa ta matsa wa shinge. Idan tsakanin ƙwayar masara ta ƙarshe da raga akwai taku uku ko huɗu na ƙasa tsura, za ta zo kwanakin farko, ta shinshina, ta gaji ta koma ciyawarta. Don haka kafin ka sayi komai, kunna injinka ka tsaya gefe, ka ga inda masara mafi nisa ta faɗi, ka kafa tsinke a nan, ka ƙara ƙafa takwas ko goma. Nan shingenka zai bi. Idan injin yana jifa da nisa ƙwarai, rage masa gudu, yawancin agogunan suna da wurin saita wannan.

Abin da nake amfani da shi yanzu fallayen aladu ne, haka sunansu yake a shagunan kayan noma. Tsawonsu ƙafa 16, tsayinsu inci 34, ƙasa da mita guda kaɗan, idanun ragar ƙanana ne a ƙasa suna ƙara faɗi zuwa sama. Ka tabbata ƙananan idanun ne a ƙasa, na taɓa ganin wanda ya kife nasa, 'ya'yan aladu suna shige da fice abinsu. Guda 12 nake sa wa kowane inji, in zagaya su da'ira, in ɗora bakin wani kan wani kamar tafin hannu biyu. Wannan yana ba ka faɗin kusan ƙafa 58 daga gefe zuwa gefe. Da murabba'i ka yi da fallayen nan 12, ƙafa 48 kawai za ka samu kowane gefe, ga kusurwoyi huɗu da dabba ke maƙalewa in ta firgita, kuma kusurwa ce ke fara sakewa. Da'ira tana riƙe kanta. Idan aljihu bai kai ba, 10 ma sun yi, ƙasa da 8 kam ban ba ka shawara ba matuƙar akwai shanu.

Maganar tsayin nan ba daga kaina na ƙago ta ba. Masana na jami'ar Texas A&M sun gwada shinge mai inci 20 da 28 da 34 a kewayen injinan masara, suka ga na 28 da na 34 sun hana aladen daji shiga gaba ɗaya, na 20 kuwa wasu suna haurawa, sannan manyan barewa ba su daina zuwa ba. Su aladu suka sa a gaba, shi ya sa ni da ke fama da shanu na zaɓi 34. Kuma kada ka ce ai ku ba ku ga alade ba. Za ku gani. Miliyoyi ne a jihar nan, har daga 2019 doka ta ce ba sai da lasisin farauta ba za ka harbe su a gonar da mai ita ya yarda maka. Mu da ba cin su muke ba, babu takaicin da ya kai ka tuƙo mota awa huɗu da buhunan masara, ka buɗe kyamara ka ga garken aladu ka yi wa hidima.

Turaku su ne inda mutane ke yin araha, araha kuwa ba ta ado. Turken ƙarfe nake nufi, mai ƙafa 5 ko 6. Kowane falle turke uku, ɗaya a mahaɗa, biyu a tsakani, ka ga 36 ke nan. Turke ya kasance ta ciki, raga ta waje, domin saniya daga waje take turowa, sai ta danna ragar a jikin turke. In ka juya su, ƙarfinta duka a kan 'yar wayar ɗauri zai sauka. Ɗaure kowane turke wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, kuma ragar ta kwanta a ƙasa sosai, inda ka ga kwari ka cike da duwatsu, don alade da hanci yake ɗaga shinge. Kan turke kada ya zarce ragar. Wanda ya ƙi shiga ka yanke shi ka goge bakin, barewa tana wucewa ne cikinta dab da saman ragar, ƙarfe mai kaifi zai farke ta.

Ƙasar yankin naku kuwa, Allah ya ba ku haƙuri. Wani wuri taƙi ɗaya za ka shiga ka ci karo da dutse. Ranar da na fara, da abin buga turke na hannu na je, kafin azahar tafukana sun yi ƙulu-ƙulu, turke shida kawai suka tsaya. Ku yi hayar injin huda dutse da ƙaramin janareta, ku huda rami sannan ku buga. Ku kuma tambayi mai gona ko akwai bututun ruwan shanu da ya bi ta wurin, yawanci ba zurfi ake binne shi ba.

Yanzu abin da har yau nake jin nauyinsa. A shekara ta uku wani bijimi ya dame ni, sai na ja waya mai ƙaya layi ɗaya a saman ragar, tazarar kamar inci huɗu. Wata Asabar na iso na tarar da barewa mace a rataye, ƙafarta ta baya ta shiga tsakanin wayar da ragar, ta murɗe, ta mutu a nan, ko yanka ban samu yi ba. Ranar na kwance wayar duka. Idan dole sai ka ƙara layi a sama, tazarar ta kai inci 12, waya marar ƙaya, kuma duka tsayin kada ya wuce inci 40 zuwa 42, ka ga a kan raga mai inci 34 lissafin ba zai fita ba. Ni dai ban sake ba. Bijimin ma daga baya na gane masarar da ke zuba lokacin da nake cika duro a bakin shinge ce ke kiransa.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a bakin raga mai inci 34 za ka ga uwa a ciki ɗa yana kuka a waje. Suna haihuwa ne daga Mayu zuwa Yuli, don haka lokacin da farautar bindiga ke buɗewa, Asabar ta farko a Nuwamba, yawancin 'ya'yan sun iya tsallakewa. Matsalar ta masu ciyarwa duk shekara ce. Abin da nake yi, wuri biyu masu kallon juna nakan yanke layin sama na ragar, faɗin ƙafa biyu, ya sauko wajen inci 28, da turke a kowane gefen yankan. Saniya takan leƙa ta ga ƙirjinta ba zai wuce ba. Abin mamaki, manyan ma can suke bi, har hanya ta fito a ƙasa.

Ba ka faɗi ko mai gonar yana da awaki ba, yankin nan kuwa ƙasar awaki da tumaki ce. Tumaki raga takan tare su. Akuya kam, wanda ya tashi a Katsina kamar ni ba sai an yi masa bayani ba, duk shingen da barewa za ta tsallaka ita ma za ta hau. Maganinta ɗaya, ku zauna da mai gona ku roƙi a mai da su wani sashe daga Satumba zuwa Janairu. Haka ragon dutse, wanda asalinsa daga arewacin Afirka aka kawo shi, irinsa ne ke duwatsun Ayar a Nijar. Ya yaɗu a yammacin Texas, in garkensu ya gano injinka babu ragar da za ta hana shi.

Ka kuma kira mai gonar yau ka gaya masa shanunsa sun ci masara, kada kunya ta hana ka. Duro ɗaya yana ɗaukar buhu shida ko bakwai masu laba 50. Saniyar da ba ta saba da hatsi ba, in ta cika ciki da shi lokaci guda, tumbinta yana yin tsami, ta kumbura, ta yi zawo, wani lokaci ta mutu, kamar dai yadda tunkiya ke yi a gida in ta faɗa buhun dawa. Gara ya ji daga bakinka ya je ya duba su. Ka nemi izininsa kafin ka buga turke ko ɗaya, ku kuma rubuta a takardar haya wa ke da shingen in kun tashi. Na rasa fallaye 12 a gonar farko saboda ban yi haka ba.

Wani ya kawo shawarar wayar lantarki. Tana aiki, na gwada, amma ta wanda ke kwana kusa ce. Ku da ke Houston, reshe ɗaya ya faɗo ko ciyawa ta taɓa wayar, sai bayan mako uku za ku sani. Wani kuma ya ce a koma angurya tunda aladu ba sa sonta. Gaskiya ne, barewa na ci in ta saba, sai dai duk wanda ya yi turkar sa a gida ya san yadda shanu ke son angurya, ka ƙara musu dalilin zuwa ne kawai.

Ƙofa kada ka sayi ta musamman. Falle guda ka ɗaure gefe ɗaya da waya, ɗaya gefen da sarƙa da ƙugiya, ta yadda a-kori-kura za ta ja da baya har gindin duro, ka cika shi a tsakiyar fili. Ƙafafun injin ma kowace ka buga mata turke ka ɗaure, ko da maraƙi ya faɗo ciki wata rana.

Barewa takan ƙaurace wa sabon shinge mako biyu zuwa huɗu, manyan maza fiye da haka, don haka kada ku bari sai Oktoba. Ku yi shi cikin Yuli ko Agusta, ku fara da asuba ku tashi kafin rana ta take, ku sa dogayen takalma saboda macizai. Kwanakin farko ku watsa ɗan masara da hannu a wajen wuraren da kuka yanke, kaɗan dai, kada shanu su farga. Abin buga turkena da almakashin yanke ƙarfe suna nan San Antonio a gareji, babu abin da suke yi. In za ku bi ta nan ka yi mini magana ta gefe, in kuma Asabar ce ba na aiki, ku sayi man mota in bi ku.